Maki 90 Cikin Gumi: Yadda Atletico Madrid Ta Ƙwace Kofin La Liga na 2013/2014

Ranar Asabar, 17 ga Mayun 2014, da ƙarfe shida na yamma agogon Sifaniya, wato biyar daidai a Kano da Yamai, aka take wasan ƙarshe na kakar La Liga a filin Camp Nou. Masu gidajen kallon ƙwallo sun sha fama a wannan yammacin, domin a daidai wannan lokaci ne Arsenal ke karawa da Hull City a wasan ƙarshe na kofin FA, kuma mai talabijin ɗaya sai dai ya zaɓi waɗanda zai ɓata wa rai. Lissafin Sifaniya kuwa ba shi da wuya. Atletico Madrid na da maki 89, Barcelona na da 86. Idan Barcelona ta ci, maki ya zo ɗaya, kuma a dokar La Liga sai a koma kan sakamakon haɗuwar ƙungiyoyin biyu. Wasansu na farko an tashi babu ci, don haka nasara ko da ta ƙwallo ɗaya ce ta ishi Barcelona ɗaukar kofi. Ita Atletico canjaras kawai take nema.

Kafin minti na 35 komai ya lalace wa baƙin. Diego Costa, mai ƙwallo 27 a gasar, ya dafe bayan cinyarsa ya fita a minti na 16, ya zauna a benci yana hawaye. Mintuna kaɗan bayansa Arda Turan ya bi shi. Sai Alexis Sanchez ya samu wata ƙwallo da Messi ya sauke da ƙirji, daga wani lungu na dama da ba a saba cin ƙwallo daga nan ba, ya maka ta saman raga. Aka tafi hutun rabin lokaci kofi na hannun Barcelona.

Abin da ya faru bayan hutun ba zai fahimtu ba sai an koma baya, an ga ko su wane ne waɗannan mutane, da kuma abin da aka yi shekara biyu da rabi ana ɗura musu.

Gasar 'yan biyu

Tun da Valencia ta Rafa Benitez ta ɗauki kofi a 2004, babu wanda ya sake taɓa shi sai Real Madrid ko Barcelona. Abin ma ya wuce a ce suna cin kofi, sun yi wa saura fintinkau ne. Real ta haɗa maki 100 a kakar 2011/2012, Barcelona ta maimaita 100 ɗin a kakar da ta biyo. A wannan kakar ta biyu Atletico ce ta zo ta uku, da maki 76, wato tazarar maki 24 tsakaninta da zakara.

Tushen abin kuɗi ne. A lokacin kowace ƙungiya ita ke sayar da haƙƙin nuna wasanninta a talabijin da kanta, ba kamar Ingila ba inda ake sayarwa a dunƙule a raba. Real da Barcelona kowacce na samun wajen yuro miliyan 140 a shekara daga talabijin kaɗai, Atletico kuwa ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ba ta samu. Ga bashin haraji da ya yi mata katutu. A bazarar 2013 Real ta sayi Gareth Bale daga Tottenham kan kuɗin da ya kusa yuro miliyan 100, Barcelona ta ɗauko Neymar daga Santos. Ita Atletico sayarwa ta yi: Radamel Falcao, wanda ya ci mata ƙwallo 28 a gasar da ta gabata, ya tafi Monaco kan wajen miliyan 60. Dama ta saba. Fernando Torres ya tafi a 2007, Sergio Aguero da David de Gea suka tafi a 2011. Wanda aka kawo a gurbin Falcao shi ne David Villa, ɗan shekara 31, wanda Barcelona ta rabu da shi kan kuɗin da bai wuce miliyan biyar da 'yan kai ba, bayan karayar ƙafa ta rage masa sauri.

Akwai kuma ciwon da ba na aljihu ba. A Madrid ana yi wa Atletico laƙabi da El Pupas, mai ƙashin tsiya ke nan a takaice. Sunan ya samo asali daga wasan ƙarshe na kofin Turai na 1974, lokacin da Luis Aragones ya ci Bayern Munich da bugun tazara a ƙarin lokaci, kofi ya zo hannu, sai wani ɗan baya mai suna Schwarzenbeck ya farke daga nesa a minti na ƙarshe. Da aka sake wasan Bayern ta yi musu 4-0. Bayan kofin La Liga na 1996 ƙungiyar ta yi ta tangal-tangal har ta faɗi rukuni na biyu a 2000, ta yi kaka biyu a can. Daga 1999 zuwa 2013 ba ta ci maƙwabciyarta Real ko sau ɗaya ba. Yaron da aka haifa a gidan magoya bayan Atletico a shekarar 2000 ya shiga sakandare bai taɓa ganin an ci Real ba.

Diego Simeone ya karɓi aikin koci a ƙarshen Disambar 2011, bayan Albacete, ƙungiyar rukuni na uku, ta fitar da Atletico daga Copa del Rey, aka sallami Gregorio Manzano. Ɗan Ajantina ne, amma ɗan gida ne: yana cikin 'yan wasan da suka ci kofi biyu a 1996, kuma shi ya ci ƙwallon farko da ka a wasan da ya tabbatar da kofin gasar a waccan shekarar. Cikin wata biyar ya ci kofin Europa, ya lallasa Chelsea 4-1 a Super Cup, sannan a Mayun 2013 ya je har Bernabeu ya ci Real 2-1 a wasan ƙarshe na Copa del Rey, Miranda ya ci ta biyun da ka a ƙarin lokaci. A ganina wannan daren ne farkon kakar 2013/2014 na gaskiya. Tun daga ranar 'yan wasan suka daina shiga fili da tsoron farar riga.

Kayan da wasu suka yar

In ka dubi sha ɗayan da Simeone ya fi amfani da su, za ka ga kusan kowa akwai inda aka taɓa raina shi. Juanfran ɗan gefen gaba ne da ya taso a makarantar Real Madrid bai samu gurbi ba, ya yi shekaru a Osasuna, a Atletico aka mayar da shi ɗan baya na dama. Miranda kyauta aka same shi daga Sao Paulo. Filipe Luis ya zo daga Deportivo bayan mummunar karaya a idon sawu. Diego Godin, ɗan Yurugwai, daga Villarreal aka ɗauko shi a 2010. Gabi, kyaftin, ɗan gida ne da aka taɓa sayarwa Zaragoza, aka dawo da shi da araha a 2011. Tiago ya wuce shekara talatin, Juventus ta gama yayinsa. Mai tsaron raga, Thibaut Courtois, ba nasu ba ne ma, aro ne daga Chelsea, kaka ta uku ke nan. Koke kaɗai ne za a ce lu'ulu'un gida, matashi ɗan shekara 21 da ya taso a ƙungiyar tun yana ƙaramin yaro.

Shi kuwa Diego Costa labarinsa ya fi na kowa. Ɗan garin Lagarto ne a arewa maso gabashin Brazil, bai samu horon makarantar ƙwallo da wuri ba, kuma hakan na nunawa a wasansa har ya girma: ƙwallon titi, da gwiwar hannu, da tsokana. Atletico ta yi ta tura shi aro, Celta Vigo, Albacete, daga baya Rayo Vallecano, har Valladolid ta taɓa sayar wa ta sake sayowa. Ya tsinke jijiyar gwiwa a 2011. Da Falcao ya tafi sai aka ga ashe inuwa ce ta rufe shi. A cikin kakar ne ya zaɓi buga wa Sifaniya maimakon Brazil, abin da ya jawo masa zagi a ƙasarsa ta haihuwa.

Tsarin da Simeone ya ɗora su a kai ba sabo ba ne: huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba. Bambancin yana cikin yadda ake matse fili. Koke da Arda, waɗanda a takarda 'yan gefe ne, sai su shigo ciki su haɗe da Gabi da Tiago, layi biyu su tsuke kamar bakin jaka. Tsakiyar fili ta rufe. An bar wa abokin hamayya gefe da gangan, in ya kai ƙwallo can sai mutum biyu ko uku su rufe shi a jikin layi, in kuma ya samu ya bugo ta sama, Godin da Miranda na jira, abin da suka fi so ke nan. Da an ƙwace, ba wani yawo da ƙwallo, a nemi Costa yana gudu ta hagu tsakanin ɗan baya da ɗan baya. Sai kuma bugun kwana da bugun tazara, waɗanda Atletico ta ɗauke su tamkar rabin fenareti. Koke da Gabi ke bugawa, manyan kawuna su shigo.

Wannan salo na cin jiki. Mutumin da ke bayan ƙarfin nasu shi ne Oscar Ortega, mai kula da lafiyar jikin 'yan wasa, ɗan Yurugwai da ake kira Profe, wanda atisayensa na farkon kaka ya yi suna wajen wahalarwa. Ga mataimakin koci German Burgos, tsohon gola mai jiki kamar ɗan dambe, wanda kallonsa kaɗai ya isa ya sa alƙalin gefe ya shiga taitayinsa.

Kada a yi musu kwalliyar da ba tasu ba. Ƙungiya ce mai ƙeta. Suna taka ƙafa, suna jan riga, suna kewaye alƙalin wasa, suna cinye lokaci idan suna gaba. Mai son ƙwallon Xavi da Iniesta yana da hujja idan ya ce ba ya jin daɗin kallonsu. Sai dai kuma masu cewa tsaron gida kawai suka iya sun manta da 7-0 da aka yi wa Getafe, da 5-0 sau biyu, Rayo da Betis. Ƙwallo 77 suka ci a gasar.

Rabin farko

An fara da Super Cup na Sifaniya a watan Agusta: 1-1 a Madrid, 0-0 a Camp Nou, Barcelona ta ɗauka da ƙwallon waje. Ba wanda ya kula sosai, amma nan aka fara ganin cewa Barcelona ta Tata Martino ba ta san yadda za ta buɗe wannan ƙofa ba. Sau shida suka haɗu a kakar, ba ta ci Atletico ko sau ɗaya ba, kuma Messi bai ci ƙwallo ko ɗaya a cikinsu ba.

A gasar kuwa Atletico ta ci wasa takwas na farko a jere. Aka fara da 3-1 a gidan Sevilla, kuma na bakwai shi ne 1-0 a Bernabeu ranar 28 ga Satumba, Koke ya zura wa Costa, Costa ya gama aiki tun farkon wasa. Espanyol ce ta fara tsayar da su a Oktoba, da ƙwallon da ta bugi Courtois ta shiga. Da aka kai tsakiyar kaka, bayan 0-0 da Barcelona a watan Janairu, kowaccensu na da maki 50 daga wasa 19.

Duk tsawon wannan lokaci 'yan jarida na tambayar Simeone ko za su iya cin kofi, shi kuma amsa ɗaya yake bayarwa: partido a partido, wasa bayan wasa. Ya sha nuna cewa Real da Barcelona gasarsu daban, su sa'o'insu su ne irin su Valencia da Sevilla. Wasu sun ɗauka tawali'u ne. Ni dabara na gani. Ƙungiyar da ke da tarihin rushewa idan ta hango kofi, maganinta a hana ta ɗaga kai ta hango shi.

Ranar 1 ga Fabrairun 2014 Luis Aragones ya rasu. Shi ne babban gwarzon ƙungiyar, ɗan wasa da koci, kuma shi ya ci wa Sifaniya kofin ƙasashen Turai a 2008. Washegari aka karɓi Real Sociedad a Vicente Calderon, tsohon filin nan na bakin kogin Manzanares wanda babbar hanyar mota ke ratsawa ta ƙarƙashin ɗaya daga cikin rumfunansa. Tsofaffin 'yan wasa suka shigo da ƙatuwar riga mai lamba takwas. Aka ci 4-0, Villa ya ɗaga hannu sama bayan ƙwallonsa. Da yake Valencia ta doke Barcelona 3-2 a Camp Nou, Real kuma ta yi canjaras a Bilbao, Atletico ta hau saman teburi ita kaɗai, karon farko tun 1996.

Sai kuma ƙafa ta zame. Real ta fitar da su daga Copa del Rey da 3-0 da 2-0. Almeria, mai fafutukar kauce wa faɗuwa, ta ci su 2-0. Osasuna ta zuba musu uku tun kafin hutun rabin lokaci. Masu sharhi suka ce ga shi nan, dama an faɗa, benci ba zurfi, iska ta ƙare. Ranar 2 ga Maris Real ta zo Calderon, Benzema ya ci da wuri, Koke ya farke, Gabi ya ƙara da wani dogon harbi, Ronaldo ya farke saura 'yan mintuna. Bayan wannan 2-2 teburi ya nuna Real 64, Barcelona 63, Atletico 61.

Wasa tara

Mutane sun fi tuna ƙwallon Godin, amma inda aka ci kofin nan shi ne tsakanin 8 ga Maris da 27 ga Afrilu. Wasa tara, nasara tara, ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarsu. Celta 2-0, Espanyol 1-0, Betis 2-0, Granada 1-0, Athletic Bilbao 2-1, Villarreal 1-0, Getafe 2-0, Elche 2-0, Valencia 1-0. Babu wasan da suka ci fiye da biyu. Ƙafafu sun yi nauyi, gudun farkon kaka ya ragu, sai aka koma kan abin da gajiya ba ta cika taɓawa ba, wato tsayuwa a inda aka ce ka tsaya, da sa kai a ƙwallon sama. Raul Garcia, wanda sau da yawa daga benci yake tasowa, shi ya ci Villarreal da ka, shi ya ci Valencia da ka a Mestalla. Godin ya buɗe Getafe da ka. Elche ta riƙe su har bayan minti na 70, Villa ya ɓarar da fenareti, sai Miranda ya zo da kansa.

Wasa biyu sun cancanci a tsaya a kansu. A San Mames, gidan Athletic, wadda ta ƙare ta huɗu a kakar kuma ba a cika fita da maki daga gidanta ba, Muniain ya ci tun minti na shida. Tsohuwar Atletico da nan za ta watse. Costa ya karɓi ƙwallo ya ruga da ita ya farke, Koke ya ci ta biyu da ka bayan hutu. Na biyun shi ne na Getafe, inda Costa ya zamo a ƙasa don ya tura ƙwallo raga, ya ci, amma ƙaurinsa ya daki turke ya tsage, aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Ana gaba da ɗaya, saura 'yan mintuna, ba dole ba ne ya sa ƙafarsa a wurin. Bayan kwana biyar ya dawo ya buga da Elche.

Kuma duk wannan ana yinsa ne ana buga kofin zakarun Turai a tsakiyar mako, da kusan mutanen nan dai. Sun fitar da AC Milan, sun fitar da Barcelona da ƙwallon Koke ranar 9 ga Afrilu, a wasan da suka daki turke sau uku cikin minti ashirin na farko, sannan suka je Stamford Bridge suka ci Chelsea ta Mourinho 3-1 bayan Torres ya fara cin su.

Gaskiya kuma ita ce manyan sun taimaka. Ranar 23 ga Maris Barcelona ta ci Real 4-3 a Bernabeu, Messi ya ci uku, kuma wannan sakamako ne ya mayar da Atletico saman teburi, ba ta sake sauka ba. Bayan kwana uku Sevilla ta ƙara wa Real 2-1. Barcelona ta sha kashi a Valladolid, ta sake sha a Granada da ƙwallon Yacine Brahimi ɗan Aljeriya. Gidan nata ma ba lafiya: shugabanta Sandro Rosell ya yi murabus a Janairu kan badaƙalar cinikin Neymar, golanta Victor Valdes ya ji rauni a gwiwa a Maris, tsohon kocinta Tito Vilanova ya rasu a ƙarshen Afrilu. Real kuwa hankalinta ya tafi kan kofin Turai na goma. Maki 90 da Atletico ta ƙare da su ba za su isa cin kofi ba a kakanni huɗu da suka gabata, inda zakara ya samu 99, 96, 100 da 100, haka ma a huɗun da suka biyo baya. Taga ce ta buɗe sau ɗaya cikin shekara tara. Abin yabon shi ne da ta buɗe an samu wanda ke tsaye a bakinta. Valencia da Sevilla ma sun ga tagar, amma suna can ƙasa, Sevilla da tazarar maki 27, Valencia da 41.

Makon da kowa ya ƙi kofi

Farkon Mayu abin ya zama kamar wasan yara, kowa na tura wa ɗan'uwansa. Getafe ta riƙe Barcelona 2-2 a Camp Nou. Washegari Atletico ta je Levante da dubban magoya baya, Filipe Luis ya ci gida, golan Levante Keylor Navas ya hana komai shiga, aka tashi 2-0. A wannan wasa ne wasu daga cikin magoya bayan Atletico suka riƙa yi wa Pape Diop, ɗan wasan Levante ɗan Senegal, kukan biri, shi kuma da aka tashi ya je gabansu ya taka rawa. Mako guda ke nan bayan an jefi Dani Alves da ayaba a Villarreal. Duk wanda zai ba da labarin kakar nan a matsayin labarin talaka da ya kayar da mai kuɗi, to ya haɗa da wannan, don yana ciki.

A daren Real ta kasa cin Valencia, 2-2, ta sake yin 1-1 a Valladolid, sannan Celta ta gama da ita 2-0. Ranar 11 ga Mayu Barcelona ta yi 0-0 a Elche, wanda ke nufin da Atletico ta ci Malaga a gida, da an gama. Ba Costa a ranar. Malaga ta fara ci, Toby Alderweireld ya farke da ka daga kwana. A cikin mintunan da alƙali ya ƙara, Adrian na Atletico ya lanƙwasa wata ƙwallo tana neman kusurwar sama, filin gaba ɗaya ya miƙe, golan Malaga Willy Caballero ya tashi ya taɓa ta da yatsu ta haye. Tsofaffin magoya baya sun san wannan labari, sun sha ganinsa. El Pupas ya dawo, kuma yanzu sai an je Camp Nou.

Bayan hutu

Atletico da ta dawo fili ba irin wadda ta shiga ɗaki ba ce. Maimakon ta ja baya ta jira, sai ta hau Barcelona tun daga bakin ragarta. Ba a yi minti biyu ba Villa ya juya ya harba, ƙwallo ta daki turke. A minti na 49 aka samu kwana ta dama. Gabi ya bugo ta da lanƙwasa zuwa tsakiya, Godin ya taso da gudu daga baya babu wanda ya bi shi, ya tashi sama da kowa, ya buga ta ƙasa, ta daki ciyawa ta wuce Pinto, golan Barcelona. Irin ƙwallon da suka yi ta ci tun Agusta, a filayen da ba kowa ke kallo ba.

Sauran minti arba'in aikin da suka fi sani ne. Messi ya jefa ɗaya a raga aka ɗaga tutar satar gida, kuma har yau magoya bayan Barcelona na cewa daga jikin ɗan Atletico ƙwallon ta zo masa. An sako Neymar, an sako Xavi, Pique ya koma gaba yana neman ta sama. Dani Alves ya harbo daga nesa Courtois ya ture. Godin da Miranda suka yi ta fitar da duk abin da aka jefo. Simeone cikin baƙaƙen kayansa yana bakin layi yana ta kaɗa hannu kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero.

Da alƙalin wasa Mateu Lahoz ya hura tashi, 'yan wasan Atletico suka zube a ƙasa. Magoya bayansu da aka ba tikiti 'yan ɗaruruwa ne, can ƙololuwar filin. Sai mutanen Camp Nou, waɗanda aka ƙwace wa kofi a gidansu, suka miƙe suna tafi, wasu na kiran sunan Atleti. Martino ya ajiye aiki a daren. Teburin ƙarshe: Atletico maki 90, nasara 28, canjaras 6, rashin nasara 4, an zura mata 26 kacal, ba a ci ta a gida ba ko sau ɗaya. Barcelona da Real 87 kowacce, ɗaya ta ci ƙwallo 100, ɗaya 104. Kofi na goma ke nan a tarihin ƙungiyar, bayan shekara 18. Courtois ya karɓi kyautar Zamora ta golan da aka fi kasa ci. Washegari a dandalin Neptuno, inda Atletico ke bukukuwanta, Simeone ya faɗa wa taron cewa in an yi imani kuma an yi aiki, ana iyawa.

Kuɗin da jiki ya biya

Bayan mako guda, ranar 24 ga Mayu, aka haɗu da Real a Lisbon a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Arda bai warke ba. Costa ya garzaya Belgrade wurin wata mai magani da ta yi suna da amfani da mahaifar doki, aka sa shi a wasa, ya fita a minti na tara. Wannan kuskuren Simeone ne, kuma ya ci masa canji ɗaya cikin uku a daren da ya fi bukatarsu. Godin ya sake ci da ka. Aka riƙe har minti na 93, sai Sergio Ramos ya farke daga kwana, da irin makamin Atletico. A ƙarin lokaci babu sauran ƙafa: Juanfran na ɗingishi ba wanda zai canje shi, Bale, Marcelo da Ronaldo suka ƙara uku. Shekara arba'in cif bayan Schwarzenbeck.

Bazara na zuwa kasuwa ta buɗe kamar kullum. Chelsea ta ɗauke Costa da Filipe Luis, ta kira Courtois gida, Villa ya nufi Amurka. Da kuɗin aka kawo Antoine Griezmann, Jan Oblak da Mario Mandzukic. A 2015 gwamnatin Sifaniya ta kafa dokar sayar da haƙƙin talabijin a dunƙule, rabon ya ɗan gyaru. Atletico ta bar Calderon a 2017 ta koma Metropolitano, daga baya aka rushe tsohon filin. Sai a 2021 ta sake ɗaukar La Liga, Simeone na nan a benci, Koke ne kyaftin, kuma wanda ya ci ƙwallon da ta tabbatar da kofin a Valladolid shi ne Luis Suarez, wani ɗan gaban da Barcelona ta ga ya tsufa ta sallama da araha.